A Ƙasar Nan Saki Ma Lamba Gare Shi

Greensboro, Karolina ta Arewa
Lahadi, 17 ga Nuwamba, 2024

Yaya,

Da fatan an yi girbi lafiya. Ina Inna, yaya ƙafar? Ina Baffa, ina Goggo, ina matan gida da yara? Ina kishiyata Kaka, tana nan da magogin goronta tana cewa ta fi ni kyau? Ki ce mata ta riƙe mini mijin nan da kyau, aro na ba ta.

Ki tara su bayan isha'i, a shimfiɗa babbar tabarma, ki karanta da ƙarfi. Inda na ce ki sassauta murya ki sassauta, ko da yake Goggo tana iya jin faɗuwar allura a Kazaure.

Labari a gurguje. Lafiyata ƙalau. Aiki yana nan, kwana uku dare, kwana biyu rana. Guguwar da kuka ji a rediyo ƙarshen Satumba yammacin jihar ta yi wa ɓarna, can cikin duwatsu, mu ruwa da iska kawai muka sha. An yi zaɓe ran 5 ga wata, Trump ya dawo, wannan kam BBC ta riga ni. Sanyi ya kunno kai. Ganyen itatuwa duk ya yi ja ya zube, ana tarawa mota tana kwashewa, ga shi babu ko akuya ɗaya a unguwar. Abin da aka zubar a layinmu kaɗai zai riƙe tumakin Baffa har faɗuwar ruwa. Kuɗin da na turo wa Auta na taki ne, ba na sabuwar waya ba, a gaya masa a gaban mutane. Maganar gonar bakin rafi na ji, a bar ta sai na kira.

Nan ƙarfe 6 na safe, can rana ta take, na san kasuwar Dambatta ta cika ta batse. Ni kuwa ga ni da kofin shayi da biro. Da gangan na ƙi danna waya in yi ta zuba, don maganar yau ta takarda ce, gara ta zo muku a takarda.

To, sassauta murya.

Mutumin nan da na gaya miki, Badamagaren, ya je ya sami limaminmu, ya yi magana irin ta manya, ya nemi lambar Baffa. Ki ce wa Kaka ta kwantar da hankalinta, ba yaƙi ya kawo shi ba. Kakanninsa ne suka zo wa Kano da bindigogi zamanin Sarki Alu, shi da dabino da turare ya zo. Direban babbar mota ne, mai salla, mai kunya. Shekara 15 a Amurka, har gobe "lahiya lau" yake cewa, makaranta kuma "lakwal".

Tun ranar farko bai ɓoye mini ba. Ya taɓa aure a nan da wata Ba'amurkiya, suka rabu a 2016. Na ce na ji, ina takarda? Ya ce ta salwanta wajen tashi daga wannan gida zuwa wancan. Na ce to a nemo ta. Kin san dalilina, ba sai na faɗa ba. Kuma ba ni kaɗai ke tambaya ba. Limaminmu ba ya ɗaura aure sai ya ga takardar izini daga hukuma, wadda ake saya dala 60, kwana 60 ta ƙare aiki, masu ba da ita kuma sai sun ji wata da shekarar da auren baya ya mutu. Hukumar shige da fice ta fi su tsanani: in miji zai cika wa mata takardun zama, ko mata ta cika wa miji, sai an nuna shaidar mutuwar duk auren da kowannensu ya taɓa yi. Nasa da nawa ke nan. Ki riƙe wannan, zan dawo kanta.

Ɗaga murya yanzu, ga abin mamakin.

Yaya, a ƙasar nan saki lamba gare shi. Ɗaki gare shi, da durowa, da ma'aikaciyar da gwamnati take biya albashi don ta yi gadinsa. Mutanen da suka rabu su tsufa, su mutu, a binne su, sakin yana nan kwance a durowa yana jiran mai tambaya.

Kowace jiha an yanka ta gunduma-gunduma, suna ce mata kawunti. Kada Kawu ya ji ya gyara zama, ba da shi ake ba. Kamar ƙaramar hukuma ce. Mu Kanawa muna taƙama da 44, Najeriya duka 774. To jiharmu kaɗai 100 gare ta, Texas 254, ƙasar baki ɗaya sun haura 3,000. Kowacce da kotunta da akawunta. Saki kuma ba ya bin mai shi. Ba a inda aka ɗaura aure yake ba, ba a inda mutum yake zaune yanzu ba, yana nan a gundumar da alƙali ya yanke shi, kamar kukar da ke iyakar gona. Babu wani babban ofishi a Washington da za ka je ka ce a duba maka. In ba ka san gundumar ba, kamar ka shiga Dawanau ne ka ce a nuna maka buhun da kakanka ya sayar.

Yadda ake samun sakin ma abin a zauna ne a ji. A jihar nan miji ya wuni yana cewa "na sake ki", a wurin hukuma iska ce ta kaɗa. Sai an raba gida, kowa da rufinsa, shekara guda cur, kafin a ma saurare ku. Shekara guda, Yaya! A garinmu cikin shekara guda an yi saki, an yi idda, an yi zawarci, an ɗaura wani, ana neman ragon suna. Bayan shekarar, ɗayanku, mace ko namiji, ya kai ƙara, ya ajiye dala 225. Ki sa Auta ya buga da canjin yau, ya haura naira 360,000. Sai a ba wani jami'i sammaci ya kai wa ɗayan. Sunansa sharif, amma ba irin Sharifan da muke durƙusa wa muna neman tubarraki ba, wannan bindiga gare shi a ƙugu. A ba wanda aka kai wa kwana 30 ya amsa. In an neme shi an rasa, sai a buga a jarida, sau ɗaya a mako har mako uku, duniya ta karanta. Bayan duk wannan ne alƙali zai sa hannu. Har wata doka suke da ita wadda jihohi kaɗan suka rage da ita: wanda ya shiga tsakanin miji da mata ya raba su, ana iya maka shi kotu ya biya diyya. Da za a kawo ta garinmu, da bakin rijiya ya yi tsit.

Tun da na ji kuɗin nake lissafa wa taubashina ɗan Kawu. Saki huɗu, dala 900. Da babur ya tafi, da injin ban ruwa ya bi shi, da shi kansa an jingine shi wajen mai shago. Kuma ga shekara huɗu ta zaman jira, shi da ba ya iya jiran ƙosai ya fito daga mai. Ki ce masa da a nan aka haife shi, da har yau yana tare da ta fari suna cin tuwo kwano ɗaya. Kishiyata kuwa, aure biyar, uku daga ciki da mijin namu, tana fita tana dawowa kamar damina. Fayil ɗinta sai an ɗora wa jaki a mangala. Da akawun kotu ta hango ta sai ta miƙe ta ce sannu da zuwa Hajiya, kujerarki tana nan.

Badamagaren yana kan hanyar Texas da kaya, ni kuma ina hutun rana, sai na ce bari in fara. Gundumarmu Guilford kotu biyu gare ta, ɗaya a nan Greensboro, ɗaya a High Point. Na je ta kusa. A bakin ƙofa akwai na'urar da ke ƙara in ta ji ƙarfe, ko allurar ɗaure mayafi ba ta bari. Aka nuna mini ofishin akawu. Ga doguwar kanta, ga gilashi, ga wata dattijuwa baƙar fata da tabarau a rataye a wuya, fuskarta sak ta Goggo in tana auna hatsi. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ina jira ta ce ke wace ce a wurinsa, wa ya aiko ki, ina waliyyinki. Ko ɗaya. Sai ta ce in ba ta cikakken sunan mijin, da na matar, da sunan gidansu kafin aure in na sani, da shekara, da lambar fayil. Lambar nan ita ce uwa: shekara a gaba, haruffa a tsakiya, sai adadi. Mai ita ba ya daɗewa a kanta. Ba ni da ita, sai ta nuna mini kwamfuta a jikin bango ta ce in duba da suna.

Kwamfutar nan, Yaya, ta kowa ce. Kowa! Mai wucewa ya shigo don gudun ruwan sama yana iya zama ya duba wa ya saki wa. In ban da abin da alƙali ya rufe da kansa, ko aka ɓoye bisa doka, duk a buɗe yake. Amma ga kujeru nan babu kowa. Mutum ɗaya na tarar, shi ma hamma yake yi. Na ce a raina kai, Allah ya ba su gonar da ba su san noma ba. A dasa wannan kwamfuta a zauren mai unguwa kwana ɗaya tak, ki ga aiki. Tuwo ya ƙone a kowane murhu. Masu kulle su ce ai neman ilimi wajibi ne. Layi ya kai bakin dam ɗin Tomas, 'yan talla su kafa kasuwa, mai fura ta yi cinikin shekara. Matar Yaya Babba ita ce za ta riƙe maɓalli, tana karantawa tana ƙara gishiri, tana cewa kwamfutar ce ta manta wani abu.

Na buga sunansa, babu. Na juya, na sa na mahaifinsa a gaba, babu. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye miki ba. Na fita waje na kira shi, na ce faɗo mini sunanka harafi-harafi yadda yake a lasinka. Ashe Faransa ce ta shiga tsakani. Mutanen Nijar ba sa barin suna ya tafi a tsaye, sai sun yi masa lodi. Inda muke sa wasali ɗaya su biyu suke sawa, a ƙarshe su rataya wani harafin da ba a ko furtawa. Usman namu a wurinsu Ousmane ne, Yusuf kuma Issoufou. Sunan da na sani ɗan siriri ya fito kamar motar Dawanau ta ɗauko kaya. Na koma na buga, sai ga shi ɓaro-ɓaro: sunansa, sunanta, 2016, da lamba. Dattijuwar ta sa tabarau ta leƙa, ta ce wannan ba namu ba ne, na gundumar maƙwabta ne. Matar ce ta kai ƙarar a inda take zaune, shi yana kan hanya aka kawo masa takardu ya sa hannu, shi ya sa bai riƙe wurin ba.

Allah ya yi wa dattijuwar nan albarka, ta tsaya ta yi mini bayani kamar 'yarta. Ta ce takardun iri biyu ne. Akwai gajeriya, shafi ɗaya, mai suna da rana da gunduma, ita ofishin jiha da ke Raleigh yake ajiyewa tun daga 1958, wanda ya manta gundumarsa yana iya farawa daga can. Akwai kuma hukuncin kansa mai sa hannun alƙali, shi sai a wurin akawun kotun da aka yanke shi. Ta ce in karɓi hukuncin, kuma in ce mai hatimi nake so, don mara hatimi a wurin hukuma takardar ƙunshe ƙosai ce. Ana iya aikawa ta gidan waya, ka rubuta sunaye da shekara da lamba, ka haɗa da kuɗin, ka sa ambulan mai adireshinka da kan sarki a manne, su mayar maka. Na ce a'a, zuwa da kai ya fi aike.

Ƙawata 'yar Zariya ce ta kai ni a motarta, tafiyar minti 40. Bazazzagiya dai, duk hanya tana cewa Kanawa ko aure sai sun nemi rasit. Na ce mata eh, shi ya sa ba a taɓa cin mu a ciniki ba.

Can ma kanta ce da gilashi. Na miƙa lambar a 'yar takarda. Yarinyar da ke bayan gilashin ta shige ciki, ban gama tasbihi ɗaya ba sai ga ta da fayil. Aure guda, da daɗinsa da ɗacinsa, a cikin kwali mai kaurin faifai. Ta zaro shafi biyu ta ɗauki hotonsu. Shafin farko dala 2, na biyu kwatar dala, hatimi dala 3, duka kusan naira 9,000. Sannan ta jawo wani ƙarfe mai baki kamar awartakin maƙeri, ta cusa gefen takardar, ta danna da hannu biyu. Babu tawada. Takardar ce da kanta ta taso, zagaye, da rubutu a kewaye. Na shafa da babban yatsa, kamar ina shafa zanen ƙwaryar Inna ta kan jere. Ko makaho ya taɓa ya san hukuma ta bi ta nan. Na ce a yi mini uku.

A ciki ga ranar aure, ga ranar da suka raba gida, ga hukuncin alƙali cewa igiya ta tsinke, ga sa hannunsa. A sama kuma tambarin akawu, da rana, da awa, har da minti. Har minti, Yaya! A nan ne kawai suka fi Goggo. Don in ana maganar ajiye tarihin saki, Goggo kotu ce sukutum. Tambaye ta na kowa a garin nan, za ta ce miki shekarar da aka kashe Murtala ne, ana sauran kwana uku a yanke gero, ranar Talata bayan la'asar, a kan gishirin miya, kuma zane mai ruwan ganye matar ta ɗaura ta fita. Ba ta karɓar dala, ƙwaryar goro ɗaya ta wadatar, ba ta rufewa Asabar da Lahadi. Abu ɗaya ya rage mata, hatimi. Ki ce mata ina tara kuɗi in sayo mata awartakin.

Yanzu sassauta murya sosai.

Da muka fito na zauna a mota da takardar a cinya, sai hawaye. Ƙawata ta ɗauka wani abu na gani a ciki. Ba haka ba ne. Matar nan na tuna, wadda ban taɓa gani ba. Ita babu wanda zai sake ta da dare, gari ya waye ya tsaya gaban manya ya ce ban faɗa ba, fushi ne, ta ji ba daidai ba. Wata 14 na yi a ɗakin Inna, ke shaida ce. Damina biyu ta same ni a can, ba ni da aure, ba ni da damar idda. Mai so ya yi sallama a ce matar wani ce, mai ita kuma ko ƙwayar hatsi bai aiko ba. Sai da Baffa da liman suka zaunar da shi a zauren mai unguwa, aka yago shafi daga littafin lissafin wani yaro, ya rubuta layi uku da jan biro. Layi ukun nan su suka buɗe mini ƙofar makarantar ungozoma, su suka kawo ni inda nake. Duk wanda ya ce takarda ba komai ba ce, bai taɓa zaman jiranta ba.

Kuma kada wani ya ce na je Amurka na dawo ina yabon Nasara. Abin nan namu ne muka yar. A Islamiyya aka karantar da mu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, kuma a Suratuɗ Ɗalaƙ an yi umarni da kafa shaidu adalai biyu. Bashin buhun gero a rubuta, rayuwar 'yar mutane a bar ta a bakin mai fushi? Gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa a 2012 da mutum 100, bara aka ɗaura 1,800 ta hannun Hisba, bana kuma an sa dokar gwajin jini kafin aure. Madalla da duka. Tunda an iya tilasta takardar shiga, a tilasta ta fita mana. Littafi ɗaya a wurin kowane dagaci, liman ya sa hannu, a ba mace kwafinta a hannu. Ba dala 225 nake nema wa talaka ba, shafi ɗaya nake nema wa mace.

Nasu ma ba duka nake so ba. Sirrin gida a jikin bango kowa ya karanta, wannan bai kwanta mini ba. Kuɗin kotu da na lauya suna sa wasu su rabu shekaru ba su warware igiyar ba. Kuma babu biko. Babu dattijon da zai ɗauki sandarsa da asuba ya zo ya ce a yi haƙuri, sai mai bindiga ya ƙwanƙwasa ƙofa ya miƙa ambulan. Akwai wata tsohuwa a gidan da nake aiki, hukuncin sakinta yana cikin jakarta a ninke, hatimin ya kusa shafewa don tsufa. Ta nuna mini shi ya fi sau goma. Tun da na fara aikin ban ga wanda ya zo gaishe ta ba. Ni a wata 14 ɗin nan ba ni da takarda, amma ban kwana da yunwa ba ko sau ɗaya, kuma kullum da dare kina zuwa ki zauna bakin gadona kina tsefe mini kai ba ki cewa komai. Ranar da na karɓo takardun nan na dawo ɗaki na rasa wanda zan nuna wa. Na jera su a kan gado na yi ta kallo, ina lissafin ƙarfe nawa ne a gida.

To, ɗaga murya, ga aike, kuma Auta ya matso kusa.

Takardata tana cikin adakar Inna, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa, a cikin gwangwanin alewa mai hoton Ka'aba, tare da katin rigakafin yarinyar nan tawa. A fito da ita a hankali, ta tsage a wajen ninkin. Kafin komai a ɗauki hotonta gaba da baya a turo mini. Lauyata ta ce layi uku da jan biro ba za su wadatar a nan ba, ana son shaidar kotu. Don haka Auta ya ɗauki Baffa a babur, su biya wa liman, tunda su ne shaidu, su je kotun shari'a a Dambatta. A sami rajistara a gaya masa ana son takardar tabbatar da mutuwar aure, a ji abin da zai nema, a kai masa. In an ce sai tsohon mijin ya zo, a aika masa, tunda hannunsa ne ba zai musa ba. A duba sunana ya zama harafi-harafi yadda yake a fasfo, na rubuta shi da manyan baƙaƙe a bayan wannan wasiƙa, na ga abin da wasali ɗaya yake yi. Ranar da ke jikin takardar ita za a sa, kada a gyara ko kwana ɗaya. A karɓi rasit. In da Hausa aka rubuta ba laifi, a nan zan sa a fassara, mai fassara ya sa hannu.

Kuma Auta, ka saurare ni da kyau. Kada abokanka su ce akwai wani mai shagon kwamfuta da zai buga maka ita cikin awa ɗaya har da hatimi. Mutanen nan in suka kama ƙarya ɗaya a takarda, ƙofar ta rufe ke nan har abada. Gara a yi wata uku ana sintiri a samo ta gaskiya. Kuɗin mai da na shayin Baffa suna tafe ran Juma'a. In ka gama wannan aiki lafiya, mu yi maganar wayar.

Kada a kai ta gidan waya. Akwai mai zuwa Kano ƙarshen Disamba, zan ba ki lambarta. A haɗo mini da kuka, da kuɓewa busasshiya, da yajin Goggo, na Goggo nake so ba na kasuwa ba. Kishiyata ta ce za ta aiko mini da haɗin amarya, ki ce mata na gode, ta riƙe abinta, ita ce mai kome na huɗu a gaba.

Yarinyar nan fa? Inna ta ce ta kai izu biyar, kuma haƙoran gaba sun fito. Kada a gaya mata maganar Badamagaren tukuna, ni zan gaya mata da bakina. Na ga wani takalmi ja mai igiya a kanti, sau uku ina ɗauka ina ajiyewa, ban san girman ƙafarta ba yanzu. Ki sa ta taka farar takarda, ki zagaye ƙafar da biro, dama da hagu, ki ninke ki sa a cikin ambulan ɗaya da ta kotun.

A gaida kowa da kowa, har wanda na manta.

Ƙanwarki.